Wasiƙa kan haɗiyar Baba

Assalamu alaikum abokina,

Ya gida, ya mai jiki? Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na ga saƙonka cewa tunda ya samu shanyewar ɓarin jiki abinci baya wuce masa da daɗi, yana ƙwarewa, har ya fara ture kwano yana cewa ya ƙoshi. Wannan "na ƙoshi" ɗin ita ta fi damuna wallahi, domin haka masu wannan lalura suke yi, basa son a ga suna tari a gaban mutane ko abinci na zubo musu, sai su rage ci a hankali su daina zama cikin jama'a, kafin ka ankara mutum ya rame kuna cewa ciwon ne alhali yunwa ce da ƙishirwa.

Kusan rabin masu shanyewar jiki suna samun matsalar haɗiya a farko, da yawa kuma tana sauƙi cikin makonni, don haka kar ka karaya. Amma ka san ruwa zalla yakan fi abinci haɗari? Gudu gare shi, kafin maƙogwaro ya rufe hanyar iska ya riga ya gangara, idan yana shiga huhu kuma sai nimoniya. Wani ma ko tari ba zai yi ba, sai dai ka ji muryarsa ta jiƙe kamar mai kurkure bayan ya sha, ko zazzaɓi yana ta dawowa. Shi yasa ake kaurara musu abin sha. Akwai tsari na duniya da asibitoci ke bi wajen auna kaurin abin sha da laushin abinci, sunansa IDDSI, daga mataki 0 wato tsinkakken ruwa zuwa 7 abincin kowa, dan Allah ka matsa a gwada haɗiyarsa a faɗa muku matakin da ya dace da shi, kar ku yi ta kirdado.

A gida kuma a zaunar dashi tsaye kyam, kar a taɓa bashi a kwance ko yana gyangyaɗi, kuma ya zauna kamar minti 30 bayan ya gama. Loma ƙanana da ƙaramin cokali, sai ya haɗiye ɗaya a ba shi wata, ba hira ba talabijin. Abinci a dafa ya yi luguf ko a niƙa a blenda, busasshe da mai danƙo da wanda ruwa daban gutsattsari daban duk a ajiye tukuna. Kaɗan kaɗan sau da yawa a rana ya fi, saboda tauna tana gajiyar dasu. A riƙa duba kumatunsa ko ya ɓoye abinci a ɓangaren da ya shanye, a wanke masa baki sosai. Ƙwayar magani kuma kar ku daka sai likita ya yarda, wasu ba a dakawa.

Ni dai roƙona ku riƙa zama ku ci tare dashi ko da nasa daban ne, kuma kar a gaggauta shi. Ka gaida Mama, ka sanar dani abin da likitan yace.

Naka har kullum.