A biya manomi ya riƙe gonarsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan gonakin gefen Kano da ake ta yankawa ana mayarwa fulotai. Duk wanda ya bi ta Kumbotso ko Ungogo ko hanyar Gezawa ya ga yadda awon igiya ya cinye inda ake shuka gero da dawa. Kullum wa'azi ake wa manomi kada ya sayar, alhali ba don son ransa yake sayarwa ba. Ga rabon gado, ga asibiti, ga auren 'ya'ya, ga dillali a ƙofar gida da kuɗin da noman shekara goma ba zai ba shi ba.

A jihar Pennsylvania ta Amurka sun gane haka. A 1987 jama'ar jihar suka kaɗa ƙuri'ar amincewa a ranto dala miliyan 100 don kare gonaki, shirin ya fara a 1988. Hukuma ba ta sayen gonar. Abin da take saya shi ne ikon yin gini a kanta. A kimanta kuɗin gonar idan za a yi gidaje, a kimanta kuɗinta a matsayin gona, sai a biya mai ita bambancin. Gona tana hannunsa, ya noma, ya sayar, ya bar wa magada, amma sharaɗin yana cikin takardar mallaka har abada: ba za a yanka ta fulotai ba. Yau sama da gonaki 6,000, fiye da eka 600,000, suna ƙarƙashin wannan tsari. Abin da ya fi burge ni shi ne sun ware masa kaso daga harajin taba sigari, don kada ya zauna jiran kasafin kowace shekara.

Mu kuwa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka sanya irin wannan sharaɗi a takarda ba zai gagara ba. Kuɗin ne matsalar. Ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kano ta ware wani kaso na kuɗin da ake karɓa wajen rajistar filaye, a zuba a asusu na musamman, a fara da fadamu da gonakin noman rani da ke ciyar da kasuwar 'Yankaba.

Naku,
Mai karatu daga Kumbotso