Haruffa uku aka rubuta mana a karne, aka ce mu je mu yi haƙuri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Zarto da guduma na sani, rubutu ba sana'ata ba ce. To amma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga in ban kawo ta jarida ba, a rumfar shagona za ta ƙare.

Autarmu shekararta 7. Mahaifiyarta ta kwana biyu tana naƙudarta, da ta faɗo kuma ba ta yi kuka ba sai da aka jima ana fama da ita. Muka yi suna, muka yanka rago, muka manta. Wata 6 wuyanta bai tsaya ba. Wata 10 sa'o'inta na rarrafe, ita ko in an zaunar da ita sai ta zube kamar buhun da ba a cika ba. Hannun dama kullum a dunƙule, babban yatsa a ciki.

Muka kai ta asibiti, ni da maiɗakina da Inna. Ba zan faɗi wanne ba, don ba ƙarar mutum ɗaya na kawo ba. Lokotoro ya ɗaga ta, ya lanƙwasa ƙafafunta, ya rubuta haruffa uku a karne, wato littafin asibitinta: IMC, taƙaitaccen sunan ciwon da Faransanci. Ya yi bayani da Faransanci, mai fassara ya ce wani sashe na ƙwaƙwalwarta ne ya samu rauni wajen haihuwa saboda rashin iska, kuma ba ya warkewa, sai haƙuri. Kafin mu buɗe baki na bayanmu ya shigo. Duk abin bai kai dahuwar shayi ba.

Shi mai fassara iskar numfashi yake nufi. Inna kuwa "iska" kawai ta ji, ta riƙe ta gam. Tun a bakin ƙofar asibitin ta ce da ni, "Ka ji ko? Su ma sun ce iska ce."

Shekara biyu muka yi a kan wannan kalma. Rubutun sha, hayaƙi, turare, 'yan bori, mai magani daga ƙauye wanda ya ci mana tunkiya. Wata tsohuwa ta ce yarinyar 'yar ruwa ce, a kai ta bakin Gulbi a ajiye a juya baya, wai za ta rikiɗa ta koma inda ta fito. Ban yi ba, alhamdu lillahi, amma na saurare ta har ta gama ban kore ta ba, kuma wannan yana damuna har yau. Ba na ɗora wa waɗannan mutane laifi duka. Asibiti ya ba mu suna ya yi shiru, su kuma suka zo da abin da za a yi gobe da safe. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ni ma ina da nawa. 'Yan uwa suka fara cewa abin daga dangin matar yake, in ƙara aure. Ban ƙara ba, amma na koma zaman shago har bayan isha'i ko babu aiki, don kada in zo gida in tarar da kuka. Maiɗakina ce ta bar suyar awara da take yi. Ita ce ta daina zuwa biki da suna, saboda kallo da 'yan maganganu. Ita ce ke goyo har yau, yarinya mai shekara 7, bayanta na ciwo ba ta faɗa.

Sai da Auta ta cika shekara 3 Allah ya haɗa mu da wata ma'aikaciyar gashin ƙashi, waɗanda muke kira kine. Abu na farko da ta gaya mana, raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, amma gaɓoɓi ƙagewa suke in aka bar yaro kwance, don haka kullum sai an miƙe su a hankali. Sannan ta ce maiɗakina ta ba ta kunu a gabanta ta gani. Ta kwantar da ita a cinya ta yi mata ɗura, yadda kowa ke yi, yarinya na tari tana shaƙewa. Kine ta riƙe hannunta ta ce, "Yaya, tsaya. Wannan kunun rabinsa huhu yake tafiya." Ashe ciwon ƙirjin da ke kai mu asibiti kusan duk wata, daga nan yake. Ta nuna mana a zaunar da ita a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuya, a dama kunu da kauri, a ba ta da ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye kafin a ƙara. Cin abinci ya koma ɗaukar kusan awa guda, amma tarin ya ragu ƙwarai.

Da ta ji sana'ata, sai ta juya takardar magani ta zana mini kujera a bayanta. Katako biyu da suka haɗu suka yi kusurwa don su tallafi baya da kafaɗu, ɗan turke a tsakanin cinyoyi don kada ƙafafu su sarƙe, wurin taka ƙafa, da ɗan tebur a gaba. Da guntayen katako na haɗa ta, na sa soso na rufe da leda, yini ɗaya. Ran da muka zaunar da Auta a tsakar gida, ta daɗe tana juya ido. Kaza ta wuce da 'ya'yanta, sai muka ji ta ƙyalƙyale da dariya. Shekara 3 rufin ɗaki da bayan uwarta kawai ta sani.

Malam Edita, bayanin rabin awa ne da aikin yini guda. Me ya sa sai da muka ɓata shekara biyu da tunkiya kafin mu same shi, shi ma bisa katari?

A takarda Nijar ba ta bar mu a baya ba. Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, a watan Disamba na 2019 kuma aka yi dokar shigar da su cikin harkokin al'umma. Madalla. Sai dai Auta na da farfaɗiya, kuma ran da ta cika shekara 5, farfaɗiyar ba ta duba takardar haihuwa ba. Gardenal take sha kullum, kuma magani ne da in aka yanke shi farat ɗaya bugun ke dawowa. Ba ta iya zama a kabu-kabu, zuwa gashi sai an ɗauki shatar adaidaita. Mu ke nan da muke cikin gari. Ina ga uwar da ke wani ƙauye bayan Dakwaro ko Mayahi? A Yamai akwai asibitin CURE tun 2010, inda ake gyara murɗaɗɗiyar ƙafa da tsagaggen leɓe, Allah ya saka musu. Amma tafiyar ta fi kilomita 600, kuma irin na Auta ba aikin tiyata ɗaya ba ne a gama, na kullum ne, a tsakar gida ake yin sa.

Makaranta ma mun gwada. Tana gane magana tsaf, in yayyenta na bitar karatu tana bi da ido, in ɗaya ya yi kuskure ita ke fara dariya. Shugaban makarantar bai wulaƙanta mu ba. Ya nuna mini matakala, ya nuna mini bayan gida, ya nuna mini aji maƙil da yara da malami ɗaya, ya ce ya zai yi? Malamin Islamiyyar unguwa ne ya ce a riƙa kawo ta. Yayyenta ke ɗora kujerar a baro su tura ta duk yamma.

Abin da nake roƙo ba gini ba ne. Birnin Maradi gunduma 3 ne. Kowane shugaban gunduma ya nemi ɗaki guda a gidan likita na unguwa, rana ɗaya a mako, kine ta zo iyaye su taru a nuna musu zama da ciyarwa da miƙe gaɓoɓi. Uwar da ta koya za ta koya wa wata. Na ga haka da idona, don mata biyar masu irin wannan yara na haɗuwa a gidana duk Alhamis, har adashi sun fara, kuma rabon da in ji maiɗakina na hira da dariya irin ta ranar Alhamis na manta. Masu awon jarirai kuma, in sun ga wuya bai tsaya ba a wata 6, su faɗa wa uwa inda za ta, da Hausar da ba za ta rikita kaka ba. Limamanmu su taɓa maganar 'yar ruwa a huɗuba ko sau ɗaya, domin in daga bakinsu ta fito tsofaffi za su ji. Mu maza kuma mu dawo gida da wuri. Ni sai da kine ta tambaye ni a gaban matata yaushe rabon da in ɗauki yarinyar, na rasa amsa.

Kujera 9 na haɗa zuwa yanzu, uku na Auta ne don tana girma. Duk kafintan da ke son koya ya tambayi kine mafi kusa da shi, ba wani sirri a ciki. Awo uku ne ginshiƙi: daga ɗuwawu zuwa kafaɗa, daga ɗuwawu zuwa bayan gwiwa, daga gwiwa zuwa diddige. Sai dai kada a yi ta da ƙiyasi, a zo da yaron a auna, kuma a kai wa kine ta duba zaman kafin a buga ƙusar ƙarshe.

Wassalam,
Wani kafinta, unguwar Zariya, Maradi