Godiya ga ma'aikatan Cibiyar Schomburg da ke Harlem

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Cibiyar Schomburg, reshen Babban Ɗakin Karatu na birnin New York,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni Bazazzagi ne, tuƙin tasi nake yi a Bronx. Na rubuta wannan takarda da Hausa ne da gangan, domin 'yan'uwana da ke zaune a wannan gari su san irin alherin da ke ƙofar gidansu.

Wani dattijo baƙar fata na ɗauka wata rana, hira ta kai mu ga inda na fito. Da ya ji na ce Zariya sai ya gyara zama, ya ce ashe garin da Yusef Lateef ya zauna. Ban taɓa jin sunan ba. Abin ya tsaya mini a rai, har ranar hutuna na nufi ginin ku da ke mahaɗar titi na 135 da titin Malcolm X.

Da takarda ɗaya na shiga, sunan mutumin kawai ke jikinta. Matar da na tarar a teburin tambaya ba ta tambaye ni digiri ko wasiƙar wata jami'a ba. Ta zaunar da ni, ta nuna mini yadda ake neman littafi a kwamfuta, sannan ta sa aka kawo mini tarihin rayuwarsa da ya fito a 2006. Nan na karanta cewa an haife shi a 1920 a jihar Tennessee, ya tashi a Detroit, ya musulunta yana matashi, ya shahara da busa saksofon da sarewa a kiɗan jazz. Daga 1981 zuwa 1985 yana Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana bincike a kan sarewar Fulani. Wato lokacin da nake yaro a Samaru, wannan bawan Allah yana can bayan katangar jami'a yana ɗaukar busar makiyayanmu da muhimmancin da mu kanmu ba mu ba ta ba. Sai da na ajiye littafin na yi shiru na ɗan lokaci.

Matar nan ce kuma ta gano mini cewa Lateef da Ziky Kofoworola sun wallafa littafi a kan kiɗa da wasannin Hausawa a 1987, ta rubuta mini sunansa da hannunta.

Daga nan ƙafa ta saba. Na karanta labarin dandalin Kongo na New Orleans, inda bayi ke taruwa ranar Lahadi su buga ganguna, da yadda kiɗan jazz ya tsiro a wannan birni a farkon ƙarni na 20. Na bi Louis Armstrong, shahararren makaɗin jazz, daga haihuwarsa a can a 1901 har zuwansa Ghana a 1956, da rangadinsa na 1960 da ya kai shi Kaduna ya gana da Sardauna Ahmadu Bello. Ban ce duk kiɗan ya shige ni ba, har yanzu kunnena ya fi karɓar masu taushi. Amma yanzu na san mutanen da ke bayan sautin.

Abin da ya fi burge ni da ku shi ne haƙuri. Turancina na hanya ne, wani lokaci sai na maimaita tambaya sau uku, ban taɓa ganin fuska ta canja ba. Kuma ko sisi ba a karɓa a hannuna ba. Arturo Schomburg, ɗan Puerto Rico da aka sayi tarin littattafansa a 1926 aka kafa wannan wuri da su, ya bar amanarsa a hannun da ya dace.

Allah ya saka muku da alheri. Idan aka yi hutun makaranta zan zo da 'ya'yana biyu, babbar ta riga ta ce hoton sarewar take son gani.

Naku,
Wani direban tasi ɗan Zariya, Bronx