Zuwa ga Ummi, a Mosko

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya.

Hotonki na ƙofar gidan rawar Bolshoi ya zagaya dangi. Goggonki ta zo tana salati, wai an tura ki karatun likita kin ɓuge da gidan rawa. Na ce ta sauke laifin a kaina, ni na fara nuna miki rawar bale tun kina firamare, kuma ban yi nadama ba.

Ni da na tashi ina leƙen Samanja ta tagar maƙwabta, ban san akwai irin wannan rawa ba sai da karatu ya kai ni can. Ranar 19 ga Agusta, 1991, muka kunna talabijin a ɗakin kwanan ɗalibai, ba labarai, sai rawar bale ta Swan Lake ake ta maimaitawa. Ashe yunƙurin kifar da shugaban Tarayyar Soviet, Gorbachev, ake yi. Tankoki na kan titi, ni kuwa na kasa ɗauke ido daga 'yan matan nan masu fararen kaya, a tsaye kan yatsun ƙafa kamar ba su da nauyi. Kiɗan Tchaikovsky, da juyin nan 32 a ƙafa ɗaya, har gobe suna taɓa ni.

Don haka kallo bai dame ni ba. Hannunki ne ya hana ni barci. Agogon da na ɗaura miki a filin jirgi ya zame har gadon hannu, ƙashin wuyanki duk a waje. Ƙanwarki ta yi suɓul da baka, ta ce kin shiga ajin rawa na yamma, abincinki shayi da tuffa ɗaya. Haba Ummi! Waɗanda kike kallo tun suna shekara 10 ake ɗaukar su a makarantun koyon bale irin su Vaganova, su shekara 8 ana murza su, yatsu na jini cikin takalmi. Ke za ki kamo su da yunwa, cikin sanyin Mosko? Ke da kike karanta jikin ɗan Adam? Kuma kika ɓoye mini, na ji a bakin yarinya.

To, ya wuce. Ban ce ki daina zuwa kallo ba, kuɗin tikiti ma ni zan turo. Mamanki ta haɗa dambun nama da yaji, tana neman mai tafiya. Ranar Juma'a ki kira ta bidiyo da kwano a gabanki, ina so in ga kina ci.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki