Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Jigawa: masai ya cika, ina za a kai?

Mai Girma Gwamna, Malam Umar Namadi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ranka ya daɗe, masu wannan takarda mutane ne da sana'arsu ta rataya a kan ginin masai, gyaran rijiya da duba magudanan ruwa a ƙauyuka da ƙananan garuruwan da ke bin gaɓar Kogin Hadejia. Zancen da muka zo da shi ba shi da daɗin ji, amma gara a yi shi tun ƙasa tana bushe.

A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta yi ban kwana da bahaya a fili, ƙananan hukumominta 27 cif. Kana mataimakin gwamna a lokacin, ka san yadda aka bi gida-gida da dagatai da masu unguwanni da limamai har kowa ya haƙa. Abin alfahari ne. To amma rami ba ya cinye abin da aka zuba masa, ajiya yake yi. A inda ake tsarki da ruwa, mutum ɗaya yana barin lita 40 zuwa 60 na daskararriyar ƙazanta a shekara. Gida mai mutum 10 ke nan yana tara kusan lita 500, duro biyu da rabi. Rami mai faɗin mita 1.2 da zurfin mita 3, in aka cire rabin mita na sama da bai kamata ya cika ba, kimanin lita 2,800 yake ɗauka, wato shekara 5 zuwa 6. In ana jefa leda, tsumma da famfas ɗin yara, ba zai kai haka ba. Ramukan da aka haƙa a shekarun gangami da yawa ba su kai wannan zurfin ba, kuma tunda kusan tare aka haƙa su, kusan tare suke cika.

A halin yanzu damina ce ke kwashe su, kuma kogi take kaiwa.

A dubi gida ɗaya a daren marka cikin Agusta. Indararo yana zuba dab da bangon banɗaki. Bakin masai daidai yake da tsakar gida, an rufe shi da azara da ƙasa, ɓera ya yi rami a gefe. Ruwan rufin ɗaki kaɗai ya isa: ruwan sama na milimita 50 a kan rufi mai murabba'in mita 40 lita 2,000 ne a dare ɗaya. Kafin asuba rami ya tumbatsa, baƙin ruwa ya bi rariya ya fita kwararo, yara suka taka shi ba takalmi a hanyar makarantar allo. Daga kwararo sai kududdufin bayan gari, inda shanu ke sha, mata ke wanki, yara ke iyo. Kududdufi ya cika ya karya, sai fadama, sai kogi.

Wani kuma ta ƙasa yake cika. A Auyo, Kafin Hausa, Miga, Guri da Kirikasamma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawowa kusa in damina ta yi nisa, har mai haƙa ya tarar da shi tun bai yi gaba biyu ba. Rami yana tsaye cikin ruwa, ruwan nan kuma shi ne na rijiyar maƙwabta. A ƙasar jigawa mai yashi, in ba a ɗaure ramin da bulo ba, bango yake zaftarewa, murfi ya rufta, wani lokaci da mutum a kai. Sai na uku, wanda ba a son faɗi: mai gidan da ba shi da kuɗin kwasa yakan jira hadari ya haɗo, ya fasa gefen sokawe ya saki abin cikin lambatu don ruwa ya tafi da shi. Ba ma wanke shi daga laifi. Hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani a kan yin bahaya a mashayar ruwa, kan hanya da inuwa. Amma kafin a ci shi tara, a nuna masa inda zai kai.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, sama da 3,500 suka rasu, Jigawa da Kano suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Taifot da tsutsar ciki hanyarsu ke nan, tsargiya kuma a irin wannan kududdufi take jiran yara. Ambaliyar 2022 ta nuna mana cewa ruwan da ya ci gida bai bar masai ba.

Abu na farko da muke roƙo mai araha ne: ƙa'idar gini guda ɗaya, a rubuce da Hausa, a hannun kowane magini da kowane duba-gari. Tsakanin masai da rijiya kada ya gaza mita 30, masai kuma ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Gindin rami ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a tsakiyar damina. Awon da aka yi a watan Maris yaudara ne, a tambayi tsofaffin gari iya inda ruwan rijiya ke hawowa a Satumba. Rabin mita na sama a gina shi da bulo a shafe da siminti ciki da waje don ruwan tsakar gida kada ya kutsa. Daga nan zuwa ƙasa a jera bulo da 'yan ƙofofi don ruwan ciki ya tsotse. Murfin kankare ya ɗara ƙasa da aƙalla santimita 15, a yi masa gangare ta waje, a kawar da indararo. Bututun iska mai inci 4 ya wuce rufi da rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda.

A garuruwan da ambaliya ke shiga, rami mai zurfi ba shi da amfani. Masai ɗagagge ake yi: a haƙa kaɗan, a gina sama har ya wuce layin da ruwa ya bari a jikin bango a shekarar da ta fi muni, a tara ƙasa a kewaye a daddale, a yi matakala mai faɗi saboda tsofaffi da masu juna biyu. Mafi alheri kuma tagwayen ramuka. Ana amfani da ɗaya har ya rage rabin mita, a rufe shi da ƙasa, a koma ɗayan. Bayan shekara biyu abin da ke cikin na farko ya zama baƙar ƙasa marar wari, ƙwayayen tsutsar ciki sun mutu, mai gida zai iya kwashewa da shebur ya kai gona. Inda wannan ke lalacewa shi ne mutane su buɗe duka biyun lokaci ɗaya, ɗaya na maza ɗaya na mata. In aka yi haka an rasa hikimar gaba ɗaya, don haka duba-gari ya riƙa komawa. Talaka ba zai iya sayen bulo da siminti na tagwayen ramuka a tashi ɗaya ba. A nan tallafin gwamnati zai fi yin tasiri, ta hannun RUWASSA, hukumar samar da ruwan sha da tsafta a karkara, a fara da unguwannin da ke bakin ruwa.

Makarantu, asibitocin karkara, masallatan Juma'a da kasuwanni irin su Gujungu da Maigatari suna da tankin ƙasa da sokawe, kuma su ma suna tumbatsa. Tankin kirki ɗaki biyu ne, na farko ya ci kashi biyu cikin uku na tsawon, da bututu mai siffar T a mashiga da mafita don kumfa da mai kada su tsallaka. Magina sukan bar wannan bututun saboda arha, sai daskararren abu ya wuce sokawe ya toshe ƙofofin ƙasa, daga nan ko an zuƙe ba ya jimawa. Awonsa sanda ce doguwa da aka naɗe da farin ƙyalle: a tsoma ta har ƙasa sau ɗaya a shekara, in baƙin ya kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan, lokacin kwasa ya yi. A sa wannan cikin kasafin kowace ƙaramar hukuma, a yi shi a Afrilu ko Mayu.

Yanzu ga zuciyar maganar. Masu kwasar masai, waɗanda a Kano ake kira “gidan kowa da akwai”, da dare suke aiki, da bokiti da igiya, wani ya shiga rami daga shi sai gajeren wando. Iskar da ke taruwa a ciki tana iya sumar da mutum cikin daƙiƙu, mai shiga ceto ma ya bi shi. Abin da suka kwaso kuwa ko a binne a kwararo, ko a zuba a kududdufi, ko a juye ɗanye a gonar da ke gaɓar ruwa. Motar zuƙa ba ta shiga lungunan ƙauye, kuma ba ta iya jan abin da ya daskare. Waɗannan mutane su ne ma'aikatan da muke da su. A yi musu rajista, a ba su dogayen takalman roba, safar hannu, takunkumi, famfon hannu na zuƙa, durorin da ke rufuwa da amalanke ko babur mai ƙafa uku. A hana shiga rami, in kuwa dole ne, a buɗe shi ya sha iska tukuna, mai shiga ya ɗaura igiya, mutum biyu suna riƙe a sama.

Sannan kowace hedikwatar ƙaramar hukuma ta ware fili a kan tudu, nesa da rijiyoyi da hanyar ambaliya, a kewaye shi. Matakin farko ko injiniya ba ya buƙata: dogayen ramuka masu zurfin mita 1.2 zuwa 1.5, a zuba, a rufe da ƙasa mai kaurin santimita 30 a ranar, in layi ya cika a dasa darbejiya ko itacen turare a kai. Manyan garuruwa irin su Hadejia, Ringim, Gumel da Kazaure sun cancanci gadajen shanya: tsakuwa a ƙasa da bututun tsiyaya, yashi a sama, a zuba ƙazanta kaurin santimita 20 zuwa 30. Zafin ranarmu yana busar da ita cikin mako biyu zuwa uku a bazara. Ruwan da ya tsiyaye ya bi tafkunan tacewa a jere, na farko mai zurfi, na ƙarshe kamar mita 1 don rana ta ratsa shi. Busasshen ba a kai shi lambu kai tsaye. A haɗa shi da shara mai ruɓewa a tsibi, a riƙa juyawa, zafin cikinsa ya wuce digiri 50 na mako guda ko fiye. Abin da ke kashe irin wannan wuri shi ne a zuba sabo a kan wanda bai bushe ba, da rashin mai gadi da albashi. Da tsadar takin zamani, manoma za su saya, kuɗin ya taimaka wajen riƙe wurin.

Muna kuma roƙon a riƙa awo, a riƙa faɗa wa jama'a a rediyo. Ruwan sha kada a sami ƙwayar cutar kashi ko ɗaya cikin mililita 100. Ruwan ban latas, kabeji da tumatir da ake ci ɗanye, tsohuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ya wuce 1,000 cikin mililita 100. A ɗebi ruwan kogi a sama da gari da ƙasa da gari, sau ɗaya a rani, sau biyu a damina. Bambancin shi zai nuna garin da ke zuba. Duk rijiyar da ambaliya ta shiga a kwashe ta, a yashe, a zuba sinadarin kulorin, a rufe ta kwana guda, a sake kwashewa kafin kowa ya sha.

Ba duka ƙazantar tamu ba ce. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, kuma na Challawa yana ɗauko ruwan masana'antu da majemun Sharaɗa da Challawa kafin ya iso Ringim. Wannan zama ne na gwamna da gwamna, tare da Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are mai kula da madatsun Tiga da Challawa. Ciyawar kachalla ma tana da hannu: inda ta toshe hanya ruwa baya yake komawa ya kwanta a gari, ya cika ramuka ta ƙasa, don haka yanke ta aikin tsafta ne kamar yadda yake aikin noma.

Ranka ya daɗe, in za a fara da abu ɗaya, a umarci duba-gari da masu unguwanni su bi gidajen da ke bakin kogi da kududdufai da sanda a hannu, su rubuta duk ramin da ya rage ƙasa da rabin mita ya cika. Wannan lissafi ya iso teburinka kafin ƙarshen Afrilu, a kwashe su kafin ruwan shuka.

Wassalam.

Daga wasu magina masai da ma'aikatan tsaftar muhalli,
yankin Hadejia da Ringim, Jihar Jigawa.