Ga Masu Shirin Yawon Buɗe Ido a Maroko

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin mutanenmu da ke haɗa ziyarar zawiyar Shehu Tijjani a Fas da yawon buɗe ido a Maroko. Da yawa suna ɗauka tunda ƙasar Musulmi ce, mazhabarsu Malikiyya, karatunsu Warash irin na makarantun allonmu, to ba wani baƙon abu. Addinin ɗaya ne, amma a kasuwa da tasi da kan akushi ake yin tuntuɓe, kuma galibi a kwana ukun farko.

Tun daga gida: ɗan Najeriya sai da biza. A riƙo Yuro ko Dala, don ba a canjin Naira, Dirhami kuma a can ake samun sa. A canza kaɗan a filin jirgin Muhammad na 5 da ke Kasabalanka, a adana rasit saboda mayar da ragowa ranar dawowa. Jirgin ƙasa yana tashi daga cikin filin zuwa tashar Casa Voyageurs, daga nan zuwa Fas wajen awa 4. Ƙaramar tasi, wadda ja ce a Fas da Kasabalanka, mutum 3 kawai take ɗauka, don haka iyali mai mutum 5 sai mota 2. A tabbatar direba ya kunna mita kafin a tashi.

Tsohon birnin Fas mota ba ta shiga. Iyakarta ƙofa, kamar Bab Bu Jalud, sai mai kura ya ɗauki kaya a bi lungu. A yi ciniki da shi kafin ya ɗora akwati. Idan aka ji an ce “balak”, a raɓe jikin bango, alfadari ne ɗauke da kaya. Lungunan dubbai ne, taswirar waya kan rikice a ciki, nan samari suke cin kasuwa: wani ya ce hanyar zawiya a rufe take, ya bi da kai shagon darduma inda yake da kamasho. Ɗan jagora na gaskiya yana da katin hukuma, masauki ne ya fi dacewa ya samo shi. Ga sauran, “la, shukran”, wato a'a na gode, ba tare da tsayawa ba ya isa.

Zawiyar Shehu Ahmad Tijjani, wanda ya rasu a 1815, ba ta da nisa da masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta kafa a 859. Masallatai da yawa ana rufe su tsakanin salloli, kada a sa ran yin ƙailula a ciki kamar a gida. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga, sai dai masallacin Hassan na 2 a Kasabalanka. Bayan Asuba da Magariba ana karanta hizifi baki ɗaya da murya, mai hadda ya zauna a yi da shi. Mai zuwa cikin azumi kuma ya kiyaye: ko yana da rahusar tafiya, kada ya ci a fili, dokarsu tana hukunta Musulmin da ya yi haka ba tare da uzurin da shari'a ta yarda da shi ba.

Ranar Juma'a yawancin shagunan tsohon birni a rufe suke, ranar kuskus ce. Idan aka gayyace ka, ka tafi da kayan zaƙi ko dunƙulen sukari, ka cire takalmi kafin ka taka shimfiɗa. Akushi ɗaya ake ci da hannun dama, kowa gabansa, nama yana tsakiya, mai gida ne zai tura maka rabonka. Tajin, wato dahuwarsu ta nama da kayan lambu a kasko, da burodi ake ɗiba. Shayin na'ana'a ana zuba shi daga sama don ya yi kumfa, kuma sukarinsa ya fi ƙarfin mai ciwon suga, ya faɗa tun kafin a haɗa.

Ciniki ba sai an koya wa Bahaushe ba. “Bishhal” shi ne nawa, “gali bizzaf” ya yi tsada. Sai dai idan ka taya aka sallama, fasawa abin kunya ne, kuma shan shayin mai shago bai wajabta maka saye ba. A majemar Shuwara da ke Fas za a miƙa maka ganyen na'ana'a saboda wari. Abin dariya, fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, mai yawa daga cikinta ta jar akuyar Sakkwato ce da ayari ya ƙetara Sahara da ita daga Kano.

A dandalin Jami'ul Fina na Marrakesh hoto ba kyauta ba ne. Mai maciji, mai biri, mai sayar da ruwa sanye da jar riga, a yanke kuɗi kafin a ɗaga waya. Mata kada su miƙa hannu ga masu lalle sai an yi farashi, su kuma guji baƙin lalle, sinadarin da ake sa masa yana ƙona fata. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin Fas ya wuce na hunturunmu, ga ruwan sama, tsofaffin gidajen baƙi kuma ba duka ke da na'urar ɗumama ɗaki ba. A tambaya kafin a biya.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano