Malaman Turanci, a rage jan biro a kan "different"

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana malaman Turanci na sakandare kan kalmar nan "different", wato daban, don wallahi yadda muke wahalar da yara a kanta ya yi yawa.

Yaro zai rubuta "different than" ko "different to" sai malam ya zaro jan biro ya zabga masa kuros, wai shi dai "from" ya sani. To ba kuskure ba ne fa. Ba'amurke "than" yake cewa ko ɗar babu, mutumin Ingila kuma "to" ce a bakinsa, ita "from" kuwa ko'ina ta je ana karɓarta, shi ya sa nake ce wa ɗalibaina in dai WAEC ce ko NECO ko JAMB su riƙe "from" su huta, amma ba wai don sauran haramun ba ne. Yaran nan a YouTube da TikTok suke kwana suna jin Turancin Amurka, ka ce musu abin da suka ji da kunnensu ƙarya ne ba tare da bayani ba, ai kai za su daina yarda da kai.

Inda matsalar take mun bar ta. Hausa muna cewa wayata daban take da taka, sai yaro ya ɗauki wannan "da" ɗin ya mayar da ita "with", ya rubuta "different with yours", wannan kam ba Landan ba Niyok babu mai faɗin haka. Haka ma ninka kalma, mu muna cewa atamfa kala daban-daban, ka shiga Kantin Kwari za ka ji ɗan kasuwa yana ce wa baƙo "different different colours", a kasuwa ya wuce tunda an fahimta kuma ciniki ya faɗa, amma a takardar jarrabawa guda ɗaya ta isa. Ga kuma masu cewa "what is the different", alhali suna ake buƙata a wurin, wato "difference", kuma laifin namu ne don mu ma haɗiye ƙarshen kalmar muke yi in muna magana a aji.

Wadda ta fi ban dariya ita ce "indifferent". Yara sun san "correct" da "incorrect", sai su zaci ita ma haka take, wato kishiyar "different" ce mai ma'anar iri ɗaya. Wata yarinya ta rubuta min cewa ƙannenta tagwaye "indifferent" ne, tana nufin kamarsu ɗaya sak, ba ta san cewa ta yi ba ruwansu da kowa ba, don ma'anarta halin ko-in-kula ne. "Identical" take nema.

Edita, da za ku ware ko rabin shafi a mako don irin waɗannan, a yi bayaninsu da Hausa, mu malamai ne za mu fara amfana kafin ɗalibai.

Naku,
Wani malamin Turanci, Zariya